Takalmin da Na Zaɓa a Istanbul

Kwanana uku a Istanbul kafin na gane cewa fasfona ba zai dawo hannuna ba. Tun a filin jirgi mutumin da ya kawo ni ya karɓe shi, ya ce zai kai a yi mini rajistar tsere. Manaja muke ce masa, har na baro ƙasar ban ji wani ya kira shi da sunansa ba. Da na tambaye shi a rana ta uku, sai ya dafa aljihun rigar sanyinsa, ya yi murmushi, ya ce da guntun Turancinsa, "Yana inda ba zai ɓata ba. Ke dai ki yi gudu."

Sunana Rifkatu, 'yar Madakiya ce ni, nan kusa da Kafanchan. Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Ba zan tsaya a kan yadda aka yi na tafi ba. Abin da ya kamata a sani shi ne na iya gudun dogon zango, na zo ta biyu a wata gasa a Jos, wani ya ɗauki hotona ya aika wa Manaja, shi kuma ya aiko da biza da tikiti. A cocinmu har addu'a ta musamman aka yi mini.

Gidan da ya sauke ni hawa na shida ne a wata unguwa can ƙarshen birnin, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai wasu benayen. Mu biyar ne, duk 'yan Afirka. Wadda muke ɗaki ɗaya da ita 'yar Habasha ce, sunanta Almaz. Ita ke dafa mana abinci da safe, da rana ta tafi wanke-wanke a wani gidan cin abinci. Tana ɗingishi kaɗan. Na ɗauka kuku ce aka ɗauko mana.

Da kambas ɗina na gida na zo, na gwanjo, wanda na saya a wurin wani mutum mai baza kaya a kan tamfol kusa da layin dogo a Kafanchan. Shekara biyu ina gudu da shi. Ranar farko da za mu fita atisaye Manaja ya ɗaga shi da yatsu biyu ya yi dariya, ya wurga shi bayan ƙofa. Ya buɗe wani kwali ya ciro mini sabo fil, fari da ratsin shuɗi. Na yi murna ƙwarai. Da na sa, sai na ji babban yatsana ya tokari gaba, gefen ciki kuma akwai wani abu mai tauri kamar an sa katako a ƙarƙashin tafin ƙafata. Na faɗa masa.

"Zai buɗe," in ji shi. "Kin san kuɗinsa kuwa?"

Na ɗaure igiyar, muka fita.

A gida a kan ƙasa nake gudu, hanyoyin gona masu laushi. A can kuwa kwalta ce da siminti, gefen wani babban titi, da asuba, cikin yayyafi mai sanyin da ke shiga haƙori. Ga wasu manyan karnuka kwance a ko'ina, ba mai su, kowanne ya kai ɗan maraƙi. An ce mini ba sa cizo, amma duk wanda na wuce sai na ji bayana ya yi sanyi. A mako na biyu farcen babban yatsana ya yi baƙi. A mako na uku na fara jin wani abu a ƙwaurina na hagu, wuri guda, kamar an ɗora kan ƙusa ana dannawa a hankali.

Tseren farko a wani ƙaramin gari aka yi shi, a bakin teku, tafiyar wuni guda a bas. Kilomita goma ne. Na zo ta uku, ina cije leɓe tun daga rabin hanya. An miƙo mini ambulan a kan dandamali, ina saukowa Manaja ya zare shi daga hannuna ya sa a aljihu ɗaya da fasfona.

A hanyar dawowa aka tsayar da bas ɗin, 'yan sanda biyu suka shigo suna duba takardun mutane. Aikinsu suke yi, ba su ɗaga wa kowa murya ba. Na ga kowa yana ciro katinsa, ni ba ni da abin cirowa. Ɗan sandan ya iso kaina, ya miƙo hannu. Na waiga wajen Manaja. Sai da Manaja ya ga dama, ya bari na ɗanɗana, sannan ya taso daga kujerarsa ya miƙa koren littafin, fasfona. Na gan shi da idona, tazarar hannu ɗaya. Aka duba, aka mayar masa. Da zai koma ya sunkuyo ya raɗa mini, "Kin gani? In ba ni, da yanzu kina ina?"

Washegari ban iya taka ƙafar ba sai da na dafa bango. Almaz tana yankan albasa ta tsaya tana kallona. Ta goge hannu, ta zo ta durƙusa, ta ɗora yatsanta daidai inda ke mini ciwo, ba tare da na nuna mata ba. Sannan ta naɗe ƙafar wandonta. Wani dogon tabo na gani, da ɗinki kamar ƙafafun shanshani.

"Ni ma a nan ya fara," ta ce. Turancinmu duka gaja-gaja ne, amma na ji komai. Ashe 'yar tsere ce, ta fi ni gudu nesa ba kusa ba. Ciwon ya fara, Manaja ya ce ta daure. Ta daure. Rannan tana cikin tsere, ana yi mata tafi, ta ji ƙas, kamar an karya busasshen itace. Tana kwance a asibiti bizarta ta ƙare. Shekara uku ke nan. Ba ta gudu, ba ta da takarda, kuma kunya ta hana ta ko faɗa wa iyayenta.

Da yamma Manaja ya shigo ya ce akwai babban tsere nan da mako uku, rabin gudun fanfalaki, ya riga ya sa sunana. Na ce ƙafata. Ya ce, "Duk wanda ba zai yi gudu ba, ba shi da gado a gidan nan. Waje akwai sanyi." Ya kalli Almaz, ya ƙara da cewa, "Kuma kuku ɗaya ta ishe ni."

Ranar Lahadi da rana na kira Mama. Na shirya ƙarya tsaf, zan ce komai lafiya, har na zo ta uku. Tana dawowa daga sujada a coci ke nan, ina jin kajinmu a bayanta. Ban kai ga ƙarasa gaisuwa ba ta katse ni.

"Rifkatu, muryan ka ba daidai ba. Menene ya same ka?"

Sai kuka. Na faɗa mata duka, fasfo, ƙafa, Almaz.

"Yesu yana gani," ta ce. "Ka share hawaye. Kada ka yi gudu ko ɗaya sai na kira ka."

Mama ba ta taɓa wuce Kaduna ba, citta take nomawa. Amma ranar Litinin ta hau mashin ta shiga kasuwar Kafanchan, tana tambaya shago-shago wa ke kawo kayan Turkiyya. Garinmu gari ne da ya ga rikice-rikicen addini, akwai shekarun da Mama ba ta ratsawa ta wannan layin kasuwar. Ranar ta ratsa. Aka nuna mata wata Hajiya mai sayar da labule da zannuwan gado. Hajiyar ta saurare ta har ƙarshe, ta ɗauki waya nan take ta kira yayanta, Alhaji Sabi'u, wanda ya yi shekaru a Istanbul yana aikin aiko wa 'yan kasuwa kaya.

Da dare Mama ta kira ta ba ni lambarsa, shi kuma ya kwatanta mini ofishinsa. Zuwa wurinsa shi ne tafiyar da ta fi ba ni tsoro a duk zamana, ta fi ta jirgin sama. Na ce wa Manaja zan huta kwana ɗaya. Almaz ta ba ni katinta na shiga mota, ta zana mini hanya a bayan kwalin shayi. Na sa tsohon kambas ɗina na gwanjo, na ƙunshe na Manaja a leda, da tunanin ko wani zai yarda ya yi mini musaya. Bas biyu na hau, sannan jirgin ruwa. Ban taɓa hawa kan ruwa ba. Na riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu ina karanta Zabura a zuci. Duk mai kaki da na hango, ko mai sharar tasha ne, sai na sunkuyar da kai na canja hanya, ga ƙafa tana suka a kowane taku.

Ofishin Alhaji a ƙarƙashin wani bene yake, cike da dilolin kaya har rufi, kowanne da suna da gari: Kano, Zariya, Agadas, Kafanchan. Gajere ne mai tumbi, waya biyu a hannu, yana Turkanci a ɗaya yana Hausa a ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, tashi, 'yata. Ke ce 'yar Madakiya? Ai na sha sayen citta a garinku tun ba a haife ki ba. Kin ci abinci?"

Sati biyar ban ji Hausa baki da baki ba. Na zauna a kan wani dila. Ya sa aka kawo shayi da burodi, bai tambaye ni komai ba sai da na cinye. Sannan na ba shi labari. Da na kai kan fasfo fuskarsa ta canja.

"Wannan aikina ne, ki bar mini shi," ya ce. "Amma gudu ban san shi ba. Ko bas ban taɓa bi da gudu ba. Mu ga takalmin." Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa ƙasansa kamar mai sayen kankana. "Ni dai na ga sabo ne. Tashi mu je wurin waɗanda suka sani."

Shagon ba babba ba ne, amma bango guda takalman gudu ne zalla, ƙafa ɗai-ɗai a kan 'yan katakai. Mai shagon wata dattijuwa ce siririya, gashinta fari an yanke shi gajere. Alhaji yana ce mata Abla, wato yaya. Tun daga ƙofa ƙafafuna take kallo, ba fuskata ba. Ta yi magana, Alhaji ya fassara.

"Ta ce tun yaushe kike ɗingishi."

Na nuna takalmin Manaja, na ce ko za ta karɓa ta ba ni wani. Ta duba shi sau ɗaya ta ajiye gefe. Abin mamaki, na gwanjon da ke ƙafata ta ce in cire mata. Na ji kunya, don ya huje ta gefe, ga safata ta jiƙe. Ita ko a jikinta. Ta kifa shi a kan tebur tana bin ƙasansa da yatsa, kamar mai karanta wasiƙa. Ta nuna mana inda ya cinye: kaɗan a wajen dunduniya, sannan a tsakiyar gaba, ƙafa biyun iri ɗaya. Ta ajiye su a kan tebur ta tsuguna ta hango su ta baya. Suna tsaye cak, ba wanda ya karkata.

Daga nan ta kai ni bayan shagon, inda akwai injin gudu, irin mai bel yana tafiya a ƙarƙashin mutum. A bayansa an kafa kyamara. Ina ganin kyamarar na ja da baya har na taka Alhaji.

"Baba Alhaji, hotona za ta ɗauka? Ina za ta kai? Ba ni da takarda a jikina."

"Kwantar da hankalinki."

"Don Allah mu tafi. Na fasa."

Abla ta gane ba tare da fassara ba. Ta kama kyamarar ta sunkuyar da ita ƙasa sosai, ta juyo mini da allon. Ba abin da ke ciki sai bel ɗin da tafin ƙafarta. Ta yi wata magana a hankali.

"Ta ce ita ba ruwanta da fuskar kowa," in ji Alhaji. "Dunduniya kawai take sani."

Na hau ba takalmi. Ba ta bari na yi gudu sosai ba, sassarfa ce ta 'yan daƙiƙoƙi, ta kashe injin. Ta mayar da hoton a hankali. Karo na farko a rayuwata na ga yadda nake taka ƙasa. Ƙafar ta sauka, idon sawun ya ɗan lanƙwasa ciki kaɗan, ya miƙe, ta tashi. Ta ja layi da yatsa daga ƙwauri zuwa dunduniya, layin a miƙe yake.

Ta ɗauko takalmin Manaja ta danna gefen cikinsa da babban yatsa, bai motsa ba. Ta yi dogon bayani, Alhaji yana sosa ƙeya yana neman Hausarsa.

"Ta ce akwai mutanen da ƙafarsu ke faɗawa ciki in sun taka, kamar bangon da ya jiƙe. Su aka yi wa wannan, an sa masa tokari. Ke ƙafarki ba ta faɗawa, to tokarin sai ya riƙa tura ki waje. Ga shi ya yi miki kaɗan da lamba guda. Ga kwalta, ke da kika saba da ƙasa. Ta ce ke abin da kike bukata..." Ya tsaya, ya sake tambayarta, ya yi dariya. "Wai takalmi ɗan ba-ruwanmu. Wanda ba ya tura ƙafa ciki, ba ya tura ta waje. Sai dai ya zama da soso mai kauri a ƙasa, ya riƙa shanye dukan kwalta."

Ta auna ƙafafuna duka biyu a tsaye, ta ce ta dama ta ɗan fi, da ita za a yi awo. Ta kawo kwalaye uku.

Na farko ja ne, mara nauyi kamar takarda, ƙasansa ya lanƙwashe kamar kwalekwale. Irinsa na gani a ƙafar wadda ta zo ta ɗaya a garin bakin teku. Ina sawa na ji yana cilla ni gaba. Zuciyata ta kama shi nan take, na ce da wannan ai ko da ciwo zan gama tseren, Manaja ya bar ni in zauna lafiya. Abla ta girgiza kai. Ta ce akwai faranti mai tauri a cikinsa, na ranar tsere ne ga mai lafiyayyar ƙafa. Ta kawo shi ne don in ji bambanci.

Na biyu kuwa laushinsa ya yi yawa, kamar na taka sabuwar katifa. Da daɗi a tsaye, amma da na yi taku biyar sai na ji idon sawuna yana rawa, ban san inda ƙasa take ba.

Na uku toka-toka ne, ba kyan gani, irin wanda ba za ka waiga ka sake kallo ba. Ta ɗaure mini igiyar da kanta, ta sa na miƙe, ta danna babban yatsanta tsakanin yatsana da bakin takalmin, ya shige daidai. Ta ce in motsa yatsuna, suka motsu. Ta ce in ɗaga dunduniya, ba ta zame ba. Sannan ta sa mini na biyu a ƙafa ɗaya, na uku a ɗaya, ta ce in je ƙofa in dawo, in faɗa mata wace ƙafa na fi ji.

Na je na dawo. Na ce ta dama nake ji, mai katifar. Ta hagu, in ban da ciwon ƙwaurin, na manta akwai takalmi a jikinta.

Ta tafa hannu sau ɗaya ta nuna mai tokar.

Ina da 'yan dalolin da matan zumunta na cocinmu suka haɗa mini, na ɓoye su a cikin bangon Littafi Mai Tsarki, ko Almaz ba ta sani ba. Su na ciro. Alhaji ya kai hannu aljihu, na ce a'a Baba, wannan iyayena mata na coci ne suka saya mini. Sun isa, da ɗan canji.

Na ɗauka an gama. Ina murmushi, ina ganin na sayi mafita. Sai Abla ta ce in zauna, ta ɗora ƙafata ta hagu a kan cinyarta, ta bi ƙashin ƙwaurin da yatsa daga sama tana dannawa. Da ta iso wurin, ihun da na yi sai da wani mai wucewa ya leƙo. Ta ce in tashi in yi tsalle da ƙafar ita kaɗai. Na ɗaga ta dama, na tsaya, jikina ya ƙi. Ko sau ɗaya ban iya ba.

Ba ta yi murmushi ba wannan karon. Alhaji ma da ya juyo muryarsa ta sauka.

"Ta ce ita ba likita ba ce, amma ta yi gudu shekara da shekaru, ta san wannan. Ƙashin ne ya fara tsagewa. Ta ce takalmi ba magani ba ne. Ki sa shi ki yi tafiya, amma in kika yi tsere da ƙafar nan, ko wane iri kika sa, za ta karye."

Muka kama hanyar komawa tashar jirgin ruwa. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In na yi gudu, ga tabon Almaz. In na ƙi, ga titi da sanyi, ko kuma in koma Madakiya hannu wofi, in shiga cocin da aka yi mini addu'a kowa yana kallona. Gaskiya na fi jin tsoron na ƙarshen. Na ce, "Baba Alhaji, in na lallaɓa fa? In na yi a hankali na gama kawai?"

Ya tsaya a tsakiyar hanya. "'Yata, ni ba zan zaɓa miki ba. Amma uwarki da ta je shagon ƙanwata, ba ta ce a taimaka ki ci tsere ba. Cewa ta yi a dawo mata da ke da ƙafafunki. Jibi da hantsi zan zo. In kin ce in juya, in juya."

Manaja ya ga sabon takalmin ya yi murna, ya ɗauka shirin tsere nake yi. Kwana biyun nan ko abinci ban iya ci ba.

Alhaji ya zo ranar da ya ce, cikin babbar riga da hula, yana haki saboda hawa shida. Bai jira an ba shi kujera ba ya zauna. Suka fara Turkanci da Manaja, da farko a hankali, can murya ta fara tashi. Manaja ya juyo kaina, ya ce da Turanci, "Ke kika kawo wannan? Faɗa masa za ki yi gudu. Faɗa masa da bakinki."

Almaz tana bakin ƙofar kicin da wuƙar albasa a hannu. Na kalli ƙasa na ce, "Ba zan yi ba." Muryar ba ta fita ba. Na sake cewa, "Ba zan yi gudu ba. A ba ni fasfona."

Ya ce ya ɓata. Alhaji ya ciro katinsa na izinin zama ya ajiye a kan tebur, ya ciro waya, ya danna lambobi uku, ya juya allon yadda Manaja zai gani, ya ɗora yatsa a kan maɓallin kira. Ya faɗi wata gajeriyar magana. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce: riƙe fasfon wani laifi ne a ƙasar, shi kuma yana da lokacin jiran 'yan sanda, ko shayi ma a dafa musu. Ni a lokacin ji nake in suka zo ni za su fara kamawa. Na kusa riƙe hannunsa in ce ya bari.

Manaja ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya sa hannu a aljihu ya wurgo fasfon ƙasa, ya ce in fita kafin ya ƙirga goma. Na sunkuya na ɗauka, na buɗe na ga hotona. Saura kwana tara bizar ta ƙare, tun kafin ranar tseren ta zo.

Almaz ta riga ta haɗa mini jakata. Na ce ta zo mu tafi tare. Ta girgiza kai, ta ce nata lissafin ya fi nawa tsawo. Alhaji ya sa mata katinsa a aljihun rigar girki. Wata biyu bayan haka ta je wurinsa, yanzu a ofishinsa take naɗe kaya, ana bin maganar takardunta. Har yau ba ta koma gida ba.

Tikitin da aka kawo ni da shi na zuwa da dawowa ne, Alhaji ya sa aka matso da ranar. A gidansa na yi kwana huɗun ƙarshe, matarsa tana dafa mini tuwon shinkafa. A filin jirgi, da jami'in ya riƙe fasfona yana dubawa, ban ɗauke idona daga kan fasfon ba. Ya buga hatimi ya miƙo mini, ya ce a sauka lafiya.

A asibiti a Kafanchan aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini wani siririn layi kamar gashi. Ya ce mako goma ba gudu, kuma in gode wa duk wanda ya hana ni. Maganganu kuwa na sha su. Wai Rifkatu ta je Turai ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya tak, ko kyau ba shi da shi. Lahadin farko a kujerar baya na zauna. Mama kuwa ta tashi a lokacin shaida ta yi rawa har gaban bagade, inda fasto ke tsayawa, ba ta bayyana wa kowa dalili ba.

Da makonnin suka cika, ruwan farko ya riga ya sauka. Na fita da sassafe ta hanyar da ke bi ta gonaki zuwa wajen Samaru Kataf. Na daɗe a tsaye bayan na ɗaure igiya. Na yi tafiya, na ƙara sauri, sannan na ɗaga ƙafa. Kowane taku ina jiran ƙusar nan. Goma, hamsin, ɗari. Ba ta zo ba. Ban yarda ba, na ci gaba da saurare, har na wuce rafi ina saurare.

A gangaren bayan rafin na haɗu da wata tsohuwa ɗauke da itace a kafaɗa. Tana ganina a guje ta saki itacen ta matsa cikin ciyawa, idonta a bayana.

"Yarinya! Wa yana bin ka?"

"Babu kowa, Kaka!" na ce, ban tsaya ba.

Na yi gaba kaɗan, amma duk da haka sai da na waiga. Ita ce kawai tana tattara itacenta tana mita, sai awaki biyu a tsakiyar hanya.